Shekarar da Muka Zuba wa Rijiya Ruwa

A bazarar bana aka kawo injin haƙa rijiya fadamar garinmu, nan gabas da Tsarnawa. Wata babbar mota ce ta ɗauko shi, da samari huɗu masu hulunan roba. Ranar Litinin da hantsi suka kafa shi, kafin la'asar ta Talata ruwa na feshi sama, yara na faɗawa ciki da rigunansu. Foraj suke ce masa. Mata suka yi ta wucewa ta ƙofar gidana suna cewa, "Gwaggo Zali, ba ki zuwa kallo?" Na ce musu ƙafa ke ciwo. Ƙafata lafiyarta lau. Ƙarar injin ce na ji ta sauya sa'ad da ya isa dutse, ta koma wani irin gurnani, kuma tun daga tsakar gida na gane dutsen. Ni na san shi. Wata uku na yi ina tsaye a kansa.

Abin ya faru a shekarar babban fari, wadda aka rufe iyakar Najeriya. Daminar ba ta yi mana ruwan kirki ba sai sau uku. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyen ya naɗe, ya yi fari, iska ta riƙa kakkarya shi. Abin da muka ɗaure da kaka bai rufe gindin rumbu ba.

Mu shida ne a gidan: ni, da maigidana wanda mutanen gari ke kira Dogo, da mahaifiyarsa da muke ce wa Inna, da ƙanensa Abdu, da ƴaƴana mata biyu ƙanana. Kafin a gama kaka mazan gari sun fara tafiya bida, wato ci-rani, suna ratsa daji su tsallaka iyaka a ɓoye. Dogo ya ce shi ba inda za shi. Ya taɓa tafiya sau ɗaya, ya yi shekara biyu a kudu, ya dawo hannu wofi ya iske an binne mahaifinsa. Tun ranar ya yi alkawari ba zai sake barin tsohuwarsa ba.

A cikin kwanakin nan wani ma'aikacin gona ya zo bisa babur, ya tara maza a gindin itacen bedi, ya ce hukuma na son mutane su kama noman rani. Ya ba da labarin mutanen Galmi da albasarsu. Yawancin maza suka saurara suka watse. Dogo ya dawo gida idonsa na ƙyalli. Muna da wata ƴar gona a bakin fadama, gadon mahaifinsa, ya kwana biyu yana zagaya ta yana auna ta da ƙafa. Rana ta uku ya same ni ina tankaɗe.

"Zali, ina son magana da ke bisa saniyarki."

Saniyar nan babana ya ba ni ita ranar da aka kai ni ɗaki. Ita kaɗai ce abin da zan nuna in ce nawa ne.

Na ce, "Mi ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta tukuna. Amma kin ga yadda ta koma. In munka bar ta, kafin damana sai fata. In munka saida ta yanzu, mu sayi siminti da irin albasa, da hatsin da za mu ci muna aiki."

"In ba a iske ruwa ba fa?"

Ya yi dariya. "Fadama ce, Zali. Tun ina yaro nan ruwa ke kwanciya har kaka ta wuce. In sha Allahu kafin bazara ta fita kina da karsana biyu."

Ya faɗi in sha Allahu, ni shaida ce. Daga baya wasu sun ce ya dogara da ƙarfinsa ne ya manta da Mai ƙarfin. Ba su nan sa'ad da ya faɗa.

Ranar kasuwar Ƙonni Abdu ya ja ta suka tafi. Ban fita na gan ta ba. Da yamma suka dawo da siminti a bayan jaki, da ƙunshin iri a cikin tsumma, da hatsin da bai kai abin da muka zata ba, don a shekarar kowa dabba yake sayarwa, ba mai saye.

Akwai wani tsohon mahaƙin rijiya a garin, Baba Gado. Shi ya zo ya duba ƙasa, ya tona da yatsa, ya shinshina, ya zana da'ira da sandarsa ya ce a nan. Aka yi addu'a, Dogo ya sara diga ta farko. Shi ke ciki, Abdu da ni muna jan ƙasa da guga, in ta yi nauyi mu ɗaura wa jaki. Rairayi ya fara fitowa, sai jar ƙasa, sai wata laka mai toka-toka mai sanyi a hannu. Na tuna ranar da gugar ta fito da danshi. Abdu ya damƙi lakar ya matse, ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsunsa. A zurfin gaba bakwai muka iske shi. Dogo ya ɗebo a ƙwarya, bai sha ba sai da ya kai wa Inna har gida. Ta kurɓa ta ce, "Ruwan daɗi ne." Ranar har guɗa na yi.

Muka yi shinge da ƙaya, muka ja fangali, muka yi dashe da sanyi. Aikin yini ɗaya ne kullum. Da an sallame asuba muna bakin rijiya, Dogo na ja, ni da Abdu muna kai ruwa da tulu muna zubawa fangali bayan fangali. Ruwan safiya na yanka hannu, tafin hannuna ya tsattsage har jini na fita in na kama taɓarya. Da hantsi in koma gida in iske Inna ta sauya wa anza ruwa. Ƴaƴan wani itacen daji ne masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ko an dafa ɗacin na nan a maƙogwaro. Mu gauraya da ɗan hatsi ko dusa. In an raba jar dawa ta taimako a Tsarnawa, Inna ta yini a layi ta dawo da abin da zai kai mu kwana huɗu. Da la'asar mu sake komawa ban ruwa.

Amma albasa ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau. A duk faɗin fadamar nan da ta ƙone, garkarmu kaɗai ce kore. Mutane kan zo su tsaya a bakin shinge suna kallo. Warin ganyen kan bi ni har gado. Dogo ya rame, haƙarƙarinsa a waje, amma yana aiki yana waƙa.

Sanyi na fita, zafi na shigowa, guga ta fara fitowa rabi. Muka ce ko mun matsa wa rijiyar ne, muka riƙa jira ruwa ya taru. Bayan mako guda sai laka gugar ke ɗebowa. A lokacin albasa ta fara yin kai, kamar goro, saura wata ɗaya da ƴan kwanaki a cire. Dogo ya ce ruwa ne ya ja ƙasa, mu bi shi. Ya shiga da diga. Zurfin gaba guda ya ƙara, sai muka ji ƙarfe ya yi ƙara, wata ƙara da ba mu taɓa ji ba. Ya ɗago kai daga can ƙasa ya ce, "Dutse ne."

Baba Gado ya sauka da kansa duk da tsufansa. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya fito yana haki.

"Shimfiɗe yake, ɗana. Ban san kaurinshi ba. Wani wuri kamu biyu ne, wani wuri ya fi tsawon mutum uku. Ba wanda ya sani sai Wanda ya aje shi."

Abin da ke tsattsafowa ta gefen rijiyar bai fi tulu shida a yini ba. Sai muka fara zaɓe. Dogo ya tsaya a tsakiyar garka ya nuna rabin fangalin ya ce waɗannan a bar su. Ganye ya fara rawaya daga tsini, ya kwanta. Bayan kwana biyar muka sake raba rabin da ya rage. Na ƙarshen da muka yi ta lallaɓawa guda uku ne, na kusa da rijiya, su ma rana ta dafa su a cikin ƙasa. Muka tone abin da ya tonu muka ci. Albasa a cikin wofi ƙuna take yi. Ƴaƴana na ci suna kuka, ban san ko yajin ne ko yunwa ba.

Abdu ya tafi a makon. Ya durƙusa gaban Inna ya ce zamansa baki ne kawai a kan abinci. Ya roƙi yayansa su tafi tare, Dogo ya ce a sauka lafiya.

Na zaci shi ke nan, za mu zauna mu jira damina kamar kowa. Washegari na ga ya ɗauki dagi da guduma ya nufi fadama. Babu sauran abin da za a shayar, amma ya shiga. Tun safe har azahar yana dukan dutse, abin da nake jawowa bai cika ƙwarya ba, ɓarɓashi ne kamar tsakin dawa. Jakinmu ya kwanta wata safiya bai tashi ba. Ya zama ni kaɗai ce a bakin rijiya, da igiya, da rana.

Sai ya tuno wata dabara da ya gani a kudu: a hura wuta a kan dutse har ya yi ja, a kwara masa ruwa, ya tsage. Baba Gado ya ce ana yi, amma hayaƙi na kwanciya a ƙasan rijiya ya kashe iska. Ya ce in an yi wuta a bari kwana biyu, kuma kafin mutum ya shiga a zura fitila da igiya. In ta mutu, kada a shiga.

Muka tara kara da kashin shanu da sauran ƙayar shinge muka zuba, muka jefa wuta. Ruwan da za a kwara kuwa, namu ya ƙafe ƙaf. Sai na je rijiyar gari, wadda ita ma sai an yi layi tun safe, in ɗebo tulu in ɗora a kai, in yi tafiya har fadama, in juye shi cikin rijiya. Tururi ya taso ya doke ni a fuska. Mata na kallona. Wata ta ce a bayana, ba ta ko rage murya ba, "Mu muna ɗiba daga rijiya, Zali na zuba mata." Aka yi dariya. Ban juya ba, don gaskiya ta faɗa.

Dutsen kan ɓare kamar faɗin tafin hannu a kowace wuta. Ana cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar zafin da ke gaban damina. Sama ta yi fari fat, ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ko tsuntsu ba ya kuka da rana. Sahur ɗinmu ruwan dusa ne, buɗa-baki anza. Harshe kan manne a ganɗa tun kafin azahar. Hadari kan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, mu fito mu tsaya, iska ta zo ta watsa shi.

Ranar goma ga azumi na kasa haƙuri. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki yana tari, tofinsa baƙi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Malam, rijiyar nan ta ci saniyata, ta ci jakinmu, ta kori ƙanenka. Yanzu kai kake son ba ta? Allah ya hana mu ruwan nan. Ka bari."

Ya ce, "Ya nuna mana shi, Zali. Kin sha, Inna ta sha. In na bari yanzu, da wane ido zan dube ki? Kullum kika wuce turken saniyar nan sai kin kau da kai. Kin zaci ban gani?"

Na ce na yafe saniya. Ya ce shi bai yafe wa kansa ba.

Inna na jin mu daga ɗakinta. Ta ce, "Ɗana, haƙa taka ce, ruwan ba naka ba ne. Ka yi taka."

Ya ce, "Wuta ɗaya ta rage, Inna. In ba ta yi ba, na bari."

Muka yi wutar ranar Asabar, babba, har da ƙyauren garka. Da na kwara ruwa muka ji wata ƙara daga ƙasa kamar an harba bindiga. Dogo ya dafe kafaɗata ya ce, "Kin ji?" Washegari da hantsi ya ce zai shiga. Na ce Baba Gado kwana biyu ya ce. Ya ce dubawa kawai zai yi. Muka zura fitila. Ina kallonta tana sauka, harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, ya koma kamar ƙwayar hatsi. Na ce ta mutu. Ya leƙa ya ce, "Ba ta mutu ba." Kuma ba ta mutu ɗin ba. Ya yi bisimilla ya kama igiya. Ni na riƙe masa ita.

Na ji guduma sau huɗu. Na jira ta biyar.

Na kira shi. Na kira shi da sunansa na yanka, wanda ban taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mana aure. Na ja igiya, ta taho ba nauyi. Ba kowa a fadama, rana tsaka, azumi. Na yi gudu har gari ba ɗankwali, na iske maza kwance a inuwar masallaci. Suka taso. Aka ɗaure wani da igiya a ƙugu, ya rufe hanci da jiƙaƙƙen rawani, ya sauka ya ɗauro shi. Da aka fito da shi leɓɓansa sun yi baƙi, amma yana numfashi.

Aka kai shi likita a Ƙonni bisa amalanke. Suka yi abin da za su iya, bayan kwana biyu suka ce mu koma gida. Ya yi kwana huɗu a ɗaki, numfashinsa kamar ana jan zarto. A rana ta huɗu hankalinsa ya dawo sosai. Ina shafa masa ruwa a goshi ya kama hannuna.

"Ya tsage, Zali. Na sa hannu cikin tsagar, na ji sanyi."

Na ce to.

"Na yi shirina, Shi ma Ya yi nashi. Ban gane nashi ba. Amma nashi ne za a bi." Ya yi tari mai tsawo. "Ki riƙe mini Inna."

Ko da gaske ya ji sanyin, ko zafin ciwo ne ya sa shi faɗa, ban sani ba. Ba wanda ya sake shiga rijiyar ya duba. Ya rasu ranar Asabar da walaha.

Kwana uku bayan sallah, da la'asar, hadari ya taso bai watse ba. Ina cikin ɗaki ina takaba na ji ɗigon farko a kan rufi, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo. Aka yi ruwa kamar ana juye tuluna. Gari ya ɗauki guɗa, yara na tsalle a cikin taɓo. Da safe aka zo aka gaya mana fadama ta cika, ruwa ya malala cikin rijiyar Dogo har baki, gefenta ya zube, simintin bakin ya rufta ciki. Kwana goma sha shida tsakaninsa da ruwan nan.

Mata suka shigo yi mana barka da ruwa, kowace na cewa alhamdu lillahi. Na buɗe baki in amsa, kalmar ta ƙi fita. Da suka tafi Inna ta dube ni.

"Ban ji kin amsa ba."

Na ce, "Inna, ba ni iyawa. In na faɗa ƙarya na yi. Mi zai rage Shi da shi in da Ya aiko ruwan nan tun da wata? Ba mu yi sata ba, ba mu zauna ba. Azumi yake yi sa'ad da ya shiga."

Na zaci za ta yi mini faɗa. Tsohuwar nan da ta binne miji, yanzu ta binne ɗa, ɗayan kuma ba ta san inda yake ba. Sai ta murza bakin zanenta ta ce:

"Ni ma ban da amsa, ɗiyata. Na tambaya, ba a gaya mini ba. Amma in mun bar ƙofarShi, ƙofar wa za mu? Ki faɗa da baki. Zuciya ta biyo in ta ga dama."

Irin shukarmu mun cinye shi tun cikin azumi. Maƙwabta suka tara mana, wannan tafi ɗaya, waccan rabin ƙwarya, har da matar da ta yi mini dariya a bakin rijiya. Liman ya ce mai takaba na iya fita in babu mai yi mata. Muka fita mu biyu. Inna na gaba da sungumi tana sara rami, bayanta a tanƙware, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Kowane rami sai in ji ta ce alhamdu lillahi a hankali, kamar mai nishi. A layi na uku na fara faɗa a bayanta. Ba abin da na ji. Irin ya ƙare ba mu kai rabin gona ba.

Daminar ta yi kyau ƙwarai. Waɗanda suka shuka gonarsu duka sun cika rumbu har sun rasa wurin zubawa. Mu abin da muka samu ya kai mu tsakiyar rani. Abdu bai dawo ba sai bayan shekara uku, ya iske Inna ta makance, ya yi jinyarta tare da ni har ta cika. Ƙaramar ƴata ba ta ƙara yin ƙwari ba tun yunwar nan, ta rasu kafin ta isa aure.

Har yau ina faɗin alhamdu lillahi, bayan kowace salla, yadda tsohuwar ta koya mini. Akwai ranakun da zuciyar ke biyowa. Akwai waɗanda nake faɗa in tsaya in saurara, in ji shiru, in shafa in naɗe tabarmata. Allah Ya san da duka biyun, kuma ban ɓoye maSa ko ɗaya ba.